Tattabarun da Aka Sallama wa Mutum Biyu

A tashar Ɗambatta, ana jiran mota ta cika, Malam Iliyasu ya leƙa kwandon da ke kan cinyar mutumin kusa da shi.

"Malam, tattabara ɗaya tal za a kai birni?"

"Wannan ta sulhu ce," in ji mutumin. "Gwanjon tattabarun wani mamaci aka yi. Akwai wasu farare, mata da miji. Mai gwanjon ya ruɗe, ya sallama mini su, ya juya ya sallama wa wani Sabiru. Har mun ci kwalar juna."

"Sai aka ba kowa ɗaya?"

"Haba! Wa ke raba mata da miji? Baba Ɗan'auta, shugabanmu na masu kiwo, ya ce a ajiye su gidansa. Tattabara ƙwai biyu take yi. In sun ƙyanƙyashe, ɗaya nawa, ɗaya na Sabiru. Ga nawa."

"Kai, dattijo ya yi! A kotu sai ku shekara. To, iyayen fa?"



"Suna gidan Baba. Ƙyanƙyasa ta huɗu ke nan." Mutumin ya gyara kwandonsa. "Amma wallahi yana kula da su."