Kuskuren da na bari a kan sunan Abdu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ni ne Ishaya, wanda kuka daina gani a kujerar baya. Ba tafiya na yi ba, kunya ce ta hana ni zuwa.

Daga nan Gidan Rumji nake aiki ta intanet, ni da Abdu, abokina ɗan Cadakori da muka yi lakol, makarantar boko, tare. Muna gyaran kompila, wato manhajar da ke karanta abin da masu shirya manhaja suka rubuta ta juya wa na'ura. Kafin ta karɓi kowane nau'in bayani, sai ta duba ko ya cika sharuɗɗan da aka sa masa.

Ni na lalata wannan dubawar. Ranar na'urata ta mutu, na ari ta Abdu na rubuta, sai aikin ya fita da sunansa. Kompila ta shiga karɓar abin da bai cika sharaɗi ba, ayyukan mutane suka yi ta rushewa. Shugabanmu ya ce ƙarshen wata za a sallami Abdu.

Abdu ya kira ni. "Ishaya, wallahi ban tuna na rubuta wanga abu ba."

Na ce masa, "Sai haƙuri." Ni! Da bakina!

Na ce bari in gyara a ɓoye, kowa ya huta. Mako uku ina tonon layi bayan layi, ban ga komai ba. Ko tuwo na daina ci. Matata Rahila ta ce, "Mi ke cinka haka?" sai na daka mata tsawa. Na tsani kaina, har na ce Allah ya gama da ni.

Ran kasuwa da safe na durƙusa bayan rumbu. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, ni maƙaryaci ne. Na gaji."

Na fita ba don komai ba, na zauna a kara, kasuwar shanu, wajen Kawu Sale, dillalin dabbobi. Baƙi biyu suka kawo wani sa za su sayar. Don gudun na sata, Kawu ya tambaya wa ya san mai san, ɗayan ya ce shi. Shi kuma wa ya san shi? Ya nuna na farkon.

Kawu ya ce, "Kai ka tsaya mishi, shi ya tsaya maka. To ku biyun wa ya san ku? Ku ja sanku."

Abin da na koya wa kompila ke nan! Nau'i biyu, kowanne na cewa ya cika sharaɗi don ɗayan ya cika, ita kuma ta yarda. Kafin la'asar na gyara.

Sai babban aikin ya rage: faɗin gaskiya. Da na iya tura gyaran in yi shiru, a ce ni ne gwani. Na rubuta wa shugaba gaskiya duka.

An bar Abdu. Ni aka sallama.

Har yau ba ni da aiki, 'yan'uwa, kuma Abdu bai ɗaga kirana ba. Abin yana yi mini ciwo ƙwarai. Amma na gode wa Ubangiji da ya cire ni daga ƙarya. Mai ɓoye irin nawa a nan, ya kai wa Yesu yau, ya dogara gare shi. Ku yi mini addu'a, gobe zan tafi Cadakori in tsaya a ƙofar gidan Abdu.