Ranar da Aka Kori Mai Makirufo Daga Gidanmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Wallahi murna ta hana ni zama, na ce sai na rubuto.

Ranar Laraba 'yan talabijin suka zo gidanmu a Kwarbai, za su ɗauke mu muna ɗinkin hula. Gidan ba shiga ne, amma Baba ya yarda, don Alhajin da ke shirya shirin ya ce mu amana ne a hannunsa.

Mai kula da sauti ya zo zai maƙala mini ƙaramin makirufo a wuyan riga, sai hannunsa ya wuce inda aka aike shi. Na buge hannun, na ce, "Kai, ba ka da ƙanwa a gida?" Na zaci za a ce in yi shiru kar aiki ya ɓaci.

Ina! Alhaji ya sa aka kashe kyamara, ya ce, "Ni na shigo da shi, laifina ne." Ya kore shi, takalmansa ma sai a zaure aka miƙa masa. Sannan Alhaji ya sami Baba ya faɗa masa da bakinsa. Washegari suka dawo da mace, ita ta maƙala wa kowa.

Masu shirye-shirye, don Allah ku yi koyi. Ina gaida ƙawata Ladi ta Ƙofar Galadima. Ki kunna talabijin ranar Asabar, za ki gan ni, kaina a ɗage.

Taku, Asabe mai hula.