Katan Sittin na Cikin Keji

Yaya: Salamu alaikum. Auta? Ɗaga murya, ina kusa da injin niƙa.

Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, ina kwana?

Yaya: Lafiya lau. Ya baƙunta? Ya kwas ɗin?

Auta: Alhamdu lillahi. Ya Anti da yara? Ya ma'aikata?

Yaya: Duk lafiya. Ma'aikata dai sun sarara, mako biyu ba mai bin su da "ina hularka, ina safar hannunka". Har ƙiba suka yi.

Auta: Uhm. Ya ƙafar Baba mai sito?

Yaya: Da sauƙi. Ki zo ki ga masana'anta, Auta! An yi fenti, an sa raga a tagogi, an gyara rufi. Jibi in masu binciken nan suka shigo, da kansu za su miƙo mana takardar shaida. Halo? Kina ji na?

Auta: Yaya, don Allah fita daga wajen injin nan.

Yaya: To, ga ni a ofis. Lafiya?

Auta: Yanzu ɗakin gwaji suka turo min sakamako.

Yaya: Sakamakon jarrabawa? Kin ci?

Auta: Ba jarrabawa ba! Samfurin garin abincin yara da na kai musu kafin in taho. Niƙa mai lamba talatin da bakwai, wanda aka yi da masarar da rufi ya yi wa yoyo.

Yaya: Oh, wannan. Me suka ce?

Auta: Akwai gubar fumfuna a ciki. Ta ninka abin da doka ta yarda da shi sau arba'in.

Yaya: Sau nawa? Layin na yankewa.

Auta: Arba'in, Yaya. Huɗu da sifiri.

Yaya: Kai, ban yarda ba. Ni da kaina na ɗanɗana garin nan, ƙamshi kamar biskit. Kuma ai an shanya masarar, an soya ta kafin a niƙa.

Auta: Wuta ba ta kashe ta. Ba ta wari, ba ta ɗaci, hanta kawai take ci, kuma yara ta fi yi wa illa. Allah dai Ya rufa mana asiri da na kulle kayan a kejin cikin sito na manna musu jan tef. Ka ce wa Baba mai sito kar kowa ya taɓa. In na iso gobe a kira hukuma, a ƙona su a gabansu.

Yaya: To...

Auta: To me?

Yaya: Wato, Auta, ba komai a kejin yanzu.

Auta: Ban gane ba. Makullin yana cikin jakata.

Yaya: Na sa an yanke kwaɗon.

Auta: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ka sayar?

Yaya: Haba, ki kyautata min zato! Ko leda ɗaya ban sayar ba. Ni dai na duba ne, baƙi za su zo duba tsafta, su tarar da katan sittin jibge da jan tef, kowanne an rubuta "kar a taɓa". Ai mun tona wa kanmu asiri kenan.

Auta: Yaya, abin da suke zuwa nema fa kenan! Su ga keji, su ga kayan da aka tsare, su ga rubutu a littafi. Shi ne shaidar muna kama ɓarna kafin ta fita ƙofa. Sau nawa na faɗa a taro?

Yaya: Taronki ai ba ya ƙarewa, mutum sai ya yi gyangyaɗi.

Auta: Ina kayan suke?

Yaya: Na ce a haƙa rami a binne. Baba mai sito ya tsaya yana kallona, idonsa ya kawo ruwa, ya ce abinci, a wannan tsadar? Ni ma hannuna ya kasa. Kin san gidan da muka tashi, ko ƙwaya ce ta faɗi ƙasa sai an tsince. Sai na bayar sadaka.

Auta: Sadaka.

Yaya: Amma na bi dokarki. Kin ce kayan da ba a tantance ba ba sa fita da sunan kamfani. Sai na sa aka juye su cikin farar leda, aka ƙona kwalayen da ledojinmu.

Auta: Wayyo Allah! Lambar niƙan a jikin ledar take! Da ita ake cewa jama'a, duk mai wannan lamba ya dawo da ita. Yanzu me zan ce? Duk mai farin gari a farar leda?

Yaya: Ki daina min ihu, ni yayanki ne.

Auta: Yi haƙuri. Yaushe aka raba?

Yaya: Kwana biyu da tafiyarki.

Auta: Kwana goma sha biyu kenan yara na sha. Yaya, yau ɗin nan za a sanar da hukuma, a sa a rediyo.

Yaya: Rediyo? Kina cikin hayyacinki kuwa? Shekara uku muna bin takardar nan. In babu tambarinta a jikin ledarmu, ba babban kantin da zai karɓi kayanmu, sai dai mu rufe. Mutum ashirin da takwas ke cin abinci a nan. Ki bari jibi ta wuce, ni zan bi gida-gida a asirce in karɓo. Kwana biyu ne kacal.

Auta: Kwana biyun nan cokali nawa ne?

Yaya: Ai ba wanda ya kawo ƙara. Da akwai matsala da mun ji.

Auta: Wa zai kawo ƙarar kyauta? Yaro ya yi amai, idonsa ya yi rawaya, cewa za a yi shawara ce, a nemo jiƙo. Ba wanda zai zargi garin da Oga ya bayar don Allah.

Yaya: Amai kika ce?

Auta: Amai, kumburin ciki, ido rawaya. Me ya faru?

Yaya: Ba komai. Direba ne bai zo ba jiya, wai sun kai ƙaraminsu asibiti. Amma ai damina ce, zazzaɓi ko'ina.

Auta: Ya Salam. Tsaya, na ɗauko biro. Faɗa min inda kowane katan ya tafi.

Yaya: Yanzu? A waya?

Auta: Yanzu. Abin da ya fita sai ya yi daidai da abin da na kulle, haka ake bin sawun kaya. Fara.

Yaya: Ma'aikata, kowa katan ɗaya.

Auta: Ashirin da takwas. Leda ashirin da huɗu-huɗu, ka san ba su kaɗai suka sha ba, sun ba maƙwabta. Sai ina?

Yaya: Gidan marayun nan na bayan tasha, ashirin. Shugabar har wasiƙar godiya ta aiko, tana nan kan teburina.

Auta: Yara nawa ne a can?

Yaya: Ban sani ba. Da yawa. Akwai 'yan ƙanana.

Auta: Ka tura mota can kafin ka ajiye wayar nan. Arba'in da takwas. Ci gaba.

Yaya: Matan da ke tsince mana gyaɗa, su goma.

Auta: Hamsin da takwas. Saura biyu.

Yaya: Ai shi kenan, kusan duka kenan.

Auta: Sittin na kulle, Yaya, da hannuna na ƙirga. Ina biyun?

Yaya: Halo? Ba na jin ki sosai.

Auta: Kana ji na, ni ma ina jin numfashinka. Gidanka ka kai?

Yaya: A'a. Yarana ai sun wuce shan wannan.

Auta: To ina?

Yaya: Auta, ki samu wuri ki zauna tukuna.

Auta: Ina biyun?

Yaya: Gidan Inna na kai. Ta kira ni ne, ta ce tun da kika bar mata 'yarki kika tafi, yarinyar ta ƙi cin komai, sai kuka. Ta ce ko akwai garin nan namu. Wallahi ni na ga tun da namu ne...

Auta: Yarinyar ta karɓa?

Yaya: Inna ta ce shi kaɗai take yarda da shi. Safe, rana da yamma. Har murna take, wai ta hana a faɗa miki sai kin dawo kin gani da idonki. Auta? Auta, ki yafe min, ban...

Auta: Ƙarfe nawa yanzu?

Yaya: Tara saura.

Auta: Ƙarfe tara take dama mata. Sauka daga layin, in kira Inna!