Buhu Huɗu a Rijiyar Mandawari

Zubar da abu ba tambaya, shi ya ci Gwadabe maƙeri. Lokacin yaƙin basasa ne, a bencin ofishin duba-gari ya tarar da wani dattijo riƙe da kwalba.

"Baba, kai ma doka ce ta kawo ka?"

"Ruwa ne. Kai fa?"

"Kashin maƙera, dattin da wuta ke bari. An ce kada a zuba a rafin Jakara, a kai bayan gari. Na kora jaki har ƙofar gari, soja ya ce ƙarfe ba ya fita, ana yaƙi. To, wa zan bi?"

"Sai ka kai ina?"

"Na dai rage buhu huɗu a wata matacciyar rijiya a unguwar Mandawari, gindin durumi."

Dattijo ya ɗaga kwalbar, ruwan ciki ja wur.

"Wa ya ce maka ta mutu, ɗan nan? Gida bakwai muke sha."

Yasar rijiyar nan ta cinye jakin Gwadabe, da zugazuginsa, da kwana tara. Sauran buhunan kuwa suna nan a zaure, ba wanda ya gaya masa inda zai kai su.