Firijin Aro

MIKAIL: Assalamu alaikum. Halo? Iya Tani?

IYA TANI: Wa alaikumus salam. Wane ne yake magana kamar daga cikin rijiya?

MIKAIL: Ni ne, Iya, jikanki Mikail. Ki juya wayar, a kife kika riƙe ta.

IYA TANI: Au, maigida ne! Maigidan da ba ya cefane. Yau an tuna da ni ke nan.

MIKAIL: Ina wuni, Iya?

IYA TANI: Lafiya lau. Ya Zariya? Ya karatu?

MIKAIL: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki?

IYA TANI: Da sauƙi. Sai dai in hadari ya haɗo ta riga kowa sani.

MIKAIL: Allah ya ƙara sauƙi. Ya mutanen Kabara? Ya Kawu Isyaku?

IYA TANI: Duk lafiya. Yana can kasuwa da fatunsa. Kana cin abinci kuwa? Muryarka ta rame.

MIKAIL: Murya tana ramewa ne, Iya?

IYA TANI: Taka tana yi. Ni na raine ka, na sani.

MIKAIL: To ina ci. Ya daddawa, ana ciniki? Ya kazarki mai ƙwai?

IYA TANI: Ai kaza ta riga mu gidan gaskiya.

MIKAIL: Subhanallahi! Ciwo ta yi?

IYA TANI: Wane irin ciwo? Yanka ta na sa aka yi. Baƙi na yi, baƙinka ma kuwa. Mutanen gwamnatin nan da ka ce za su zo duba gida.

MIKAIL: Masu tallafin karatu? Ashe sun zo? Iya, dama saboda su na kira. Ni na ɗauka ɓatan gida suka yi.

IYA TANI: Ɓata? Har tsakar ɗakina suka zauna. Maza biyu da wata yarinya mai gilashi. Wallahi, Mikailu, na fitar da kai kunya. Ko gidan hakimi suka je iyakar abin da za su gani ke nan.

MIKAIL: Tsaya, Iya. Me suka gani?

IYA TANI: Me ba su gani ba? Ranar da ka faɗa mini, ban zauna ba. Na shiga wajen Hajiya Luba maƙwabciyarmu na ce manyan baƙi zan yi. Ka san 'yarta ba ta tare ba tukuna, kayan ɗakin duk suna jibge. Ta ce in ɗebi abin da nake so.

MIKAIL: Inna lillahi.

IYA TANI: Kujeru masu taushin nan, kafet har bango, talabijin irin mai faɗin tabarma. Sai firiji. Ƙarti huɗu ne suka shigo da shi, sai da aka cire ƙyauren zaure.

MIKAIL: Firiji? Iya, gidan da aka yanke wa wuta tun ina sakandare?

IYA TANI: To janareton Hajiya na mene ne? Ta katanga aka jefo waya. Ruwan da na ba su sai da haƙoran mai gilashin suka amsa.

MIKAIL: Bangon ɗakin fa? Tsagewar nan da hannu yake shiga?

IYA TANI: Labule na saka, mai ruwan zinare. Halo? Ka yi shiru. Sabis ne?

MIKAIL: Ba sabis ba ne, ni ne na ɗauke. Me suka tambaye ki?

IYA TANI: Tambayoyin rashin ta ido. Wai sau nawa muke ɗora tukunya. Na ce mu tukunyarmu ba ta sauka daga murhu. Wai wa yake ɗaukar nauyin gidan. Na ce Allah, sannan ina da ɗa a Saudiyya.

MIKAIL: Kawu Jibrin? Wanda ko dabino bai taɓa aiko miki ba?

IYA TANI: Ƙarya na yi? Ba a can yake ba?

MIKAIL: A can yake.

IYA TANI: To. Suka ci kaza, suka sha lemo, na ƙulla musu alkaki da turare. Suna ta rubuce-rubuce suna kallon firiji. Na ce a raina, yau Mikailu ya ci jarrabawa.

MIKAIL: Iya, sun cire ni.

IYA TANI: Sun me? Ƙara faɗa, wani mai babur ya wuce.

MIKAIL: Sun cire sunana daga tallafin. Yau da safe aka gaya mini. Wai binciken gida ya nuna ba na cikin mabuƙata.

IYA TANI: Bayan sun cinye mini kaza?

MIKAIL: Saboda kazar ma. Iya, tallafin nan na 'ya'yan marasa hali ne. Zuwa suka yi su tabbatar ba mu da shi. Ba na ce miki kar ki wahalar da kanki ba?

IYA TANI: Ai kowa haka yake cewa in zai turo baƙo! Ka taɓa jin wanda ya ce a wahala? Ni da aka ce za a zo duba gida, sai in bar gida kamar kango?

MIKAIL: Kangon suka zo gani.

IYA TANI: To su ma ba su da hankali. Duk wanda ya tashi a cikin birni ya ga kafet da ledarsa ba a cire ba, ai ya san na aro ne. Wa ya taɓa zuwa biki da nasa?

MIKAIL: Ba biki suka zo ba, Iya.

IYA TANI: Yanzu in sun cire ka sai me? Ba ka kusa gamawa ba?

MIKAIL: Saura shekara guda. Da shi nake biyan makaranta, da shi nake biyan ɗaki. In babu shi ba zan iya rajista ba. Sai dai in tattaro in dawo rumfar Kawu Isyaku in riƙa jera takalma.

IYA TANI: Ba ka isa ba! Duk karatun ginin da ka yi? Kai da ka ce kana gamawa za ka rushe bangon nan ka tayar mini da na siminti?

MIKAIL: Ai kin riga ni gyara shi da labule.

IYA TANI: Kar ka yi mini dariya, raina ya ɓaci. Wallahi ya ɓaci. Ni da hannuna na yi maka wannan?

MIKAIL: Ba ki yi da mugunta ba. Kuma akwai gyara. Na je na yi musu bayani, na rantse, har jami'in nasu ya gaji da ni. Ya ce za su sake turo wasu ranar Alhamis. In suka ga gaskiya za a mayar da ni. Amma daga wannan babu wata.

IYA TANI: Alhamis? To bari in sa a share zaure, a ɗan shafa farar ƙasa...

MIKAIL: Iya!

IYA TANI: Shara ma laifi ce?

MIKAIL: Ki yi shara. Amma ban da fenti, ban da aro, ban da yanka. Kayan Hajiya Luba an mayar?

IYA TANI: An mayar da kujeru.

MIKAIL: Firijin fa?

IYA TANI: Yana nan. Ta ce in bar shi sai an tashi jere. Yana da amfani, ɓera ba ya shiga, a ciki nake ajiye daddawa.

MIKAIL: Firijin amarya kike zuba wa daddawa? Allah ya ba angon haƙuri. Yau ɗin nan za a fitar da shi. A cire labulen kuma, su ga bangon.

IYA TANI: Bangon ɗakina? In nuna wa baƙo? Mikailu, ko Hajiya Luba ba ta taɓa ganin tsagewar nan ba, da buhu nake rufewa. Tun da kakanka ya rasu ba wanda ya taɓa jin na ce babu a unguwar nan. Ranar da aka kawo mini kai, ubanka ya rasu, uwarka ta yi aure a Gaya, mutane suka ce ba zan iya ba. Ka taɓa fita da yagaggiyar riga?

MIKAIL: Ban taɓa ba.

IYA TANI: Ka taɓa cin abincin maƙwabta don yunwa?

MIKAIL: Ban taɓa ba, Iya. Amma na sha ganin kin zuba mini duka kin ce ke kin ci a wajen suna. Alhali ba a yi suna ba a Kabara ranar.

IYA TANI: Ashe kana lura, ɗan nema.

MIKAIL: Ina lura. Ba roƙo za ki yi ba. Haƙƙina ne, don irinmu aka ware shi. Gaskiya kawai za ki faɗa. Bari mu gwada. Ni ne mai gilashi. Baba, sannu da gida. Yaya kuke fama da rayuwa?

IYA TANI: Alhamdu lillahi, sai godiya.

MIKAIL: To, ba laifi, a gode wa Allah. Amma abinci yana isar ku?

IYA TANI: Har mu ba wa wani.

MIKAIL: Kin faɗi! Sake. Baba, kina da mai taimaka miki?

IYA TANI: Ina da ɗa a Sau...

MIKAIL: Iya!

IYA TANI: To bakina ne ya saba! Shekara nawa ina faɗa, yau ɗaya ka ce in sauya? Ba za a ce musu ba na nan ba? Isyaku ya tsaya musu.

MIKAIL: Kawu Isyaku da zai sa babbar rigar Sallah ya fesa turare? Ya fi ki. Ke suke so, ke ce mai riƙona.

IYA TANI: To ko ruwa kar in ba su?

MIKAIL: Ki ba su na randa, a moɗa.

IYA TANI: Zakaran nan fa, ya tsufa, dama ba ya...

MIKAIL: Ki bar zakara ya yi ta cara, shi ma shaida ne. Iya, katina ya kusa ƙarewa, matar nan ta kamfanin waya ta yi gargaɗi. Sau ɗaya kawai, ki faɗa in ji. Baba, kina da halin biya wa yaron nan makaranta?

IYA TANI: Kai, wannan yarinya mai gilashi akwai naci.

MIKAIL: Kina da hali, Baba?

IYA TANI: Tsaya mana, kar ka sa in ƙware. Abin yana nan a maƙogwaro.

MIKAIL: Iya, sauri, zai yan...

IYA TANI: To. 'Yar nan, ɗaga labulen can ki gani da idonki. Ba ni da hali. Daddawa nake sayarwa, wata rana a saya, wata rana a wuce. Kujerun da kuka gani na aro ne, kazar kuma ita ke nan gare ni. Ba ni da komai a duniya sai yaron nan, shi kuma ba shi da kowa sai ni. Ku mayar masa da abinsa. Ka ji? Na faɗa. Ya yi, ko in ƙara? Mikailu? Halo? Maigida? Ji ɗan banzan yaro, sai da na faɗa sannan katinsa ya ƙare. Hajiya Luba! Hajiya! Leƙo ta katanga. A turo ƙartin nan su fitar da firiji. Ke kuma shigo, akwai abin da zan nuna miki a bangon ɗakina.