Kiɗan da Babu Mawaƙi

A ɗakin jiran wankin ƙoda, wata dattijuwa ta daɗe tana hararar budurwar da ke gefenta, saboda siririn sautin da ke fita daga wayar budurwar.

"'Yata, tun ɗazu nake jiran mawaƙin ya fara."

"Babu mawaƙi, Mama. Na'ura ce ke kiɗan."

"To da wa yake magana? Ni abin da ke ɓoye nufinsa ban yarda da shi ba."

"Shekara biyu ina hawa gadon can, awa huɗu-huɗu. Kowa ya zo sai sannu, sai haƙuri. Wannan kaɗai bai taɓa tausaya min ba. A haka na gama jami'a."

Dattijuwar ta ƙanƙame jakarta. "Haka 'yata take lumshe ido tana jinsa, kamar ana kiranta daga wani wuri. Shi ya sa na ƙwace wayar."

"Tana ina?"

"Tana ciki, an ɗora ta a kan injin."

"Ita da ƙugin injin kika bari?"

Dattijuwar ta zuge jaka, ta ciro wayar, ta tare nas a bakin ƙofa.

"Ungo, kai wa 'yata. Amma ki gaya mata har yanzu ban yarda da shi ba."