Tsiren da Nis Sa a Taliyar Madam

Kuɗɗin motar da nit tahi Kwatano da su, tasoshin auren kakarku ne. Ita da kanta tad ɗauke su a kai har kasuwar Hilinge, tak komo da kwando ba komi ciki. Shekarar nan soja na bisa mulki, ruwa ya ƙi, shanun ƙasarmu Kurhwai sun ƙare a tsaye. Mun share rumbu har ƙasa, har irin shukar da munka ɓoye cikin tulu sai da munka daka munka sha. To abin da yak kai ni bakin teku ke nan, ba yawon duniya ba kamar naku. Iri nike nema, in komo da shi kahin ruwan shuka ya sauka. Abin da nib bari gidan ga mai rai, ban da mutane, kaza ce guda, wata ja mai gurguwar ƙahwa.

A zangon Kwatano munka cushe ɗaki guda, duk 'yan ƙasarmu. Matar da ke da gidan kullum tana bakin ƙohwa, hannu a ƙugu.

"Ku nawa ne a ɗakin ga?"

"Mu biyu ne, Mama."

"To tulin takalman ga hwa?"

"Na baƙi ne."

"Baƙin da ba su tahiya gida?"

Na yi dako har wuyana yak kumbura, abin bai wuce na garin rogo ba. Ana nan sai wani ɗan Sanam da ke gadi gidan wani Bature yac ce ana neman mai taya Madam, matar Baturen, aikin girki. Boyi suke ce ma aikin. Ni da gemuna da ɗiyana, wai boyi! Na amsa, har da godiya.

Gidan nan ba a cin nama. Na buɗe akwatin sanyinsu, hirijo, nig ga ganye sama, ganye ƙasa, sai ka ce rumhwar awaki. Nic ce ko dai ciwo gare su, ko rowa. Abincin da Madam ta hi so kuwa, wata taliya ce murɗaɗɗa. A dahwa ta, a tsane, a bar ta ta huce sarai. Sai a tsinko ɗoɗɗoya, wadda mu muke turare da ita don sauro, a sa tahwarnuwa, gishiri, ƙwayar yazawa, da wani cukunsu mai tauri da warin tsohuwar salka, a daka ana ɗiga man zaitun har ya koma kore shar. Sunansa hesto, ko pesto, ita dai leɓenta ke hwashewa in ta hwaɗa. A cuɗe da taliyar, a yanka tumatur da kokwamba, a matsa lemun tsami. Shi ke nan, wai an gama girki. Kuma ba ta yarda da inji ba, sai ɗan turminta na dutse. Namijin Kurhwai da taɓarya! Taga nike ruhewa kada ɗan Sanam ya gani ya kai gida.

Na iya, wallahi na iya, har tana lasar cokali tana ɗaga mini yatsa. Maigidan yac ce in wata ya mutu zai haɗa mini abin da zai sayi buhun iri. A satin nan wani ɗan Bonkuku yas sauka zango, yac ce hadari ya hwara haɗuwa gabas da Hilinge. Daga ranar barci yag guje mini, ko gajimare nig gani bisa teku sai in hau ƙirga kwanakin wata.

Sai ga labari uwar maigidan na tahe a jirgi daga ƙasarsu. Madam ta rikice, a goge nan, a wanke can. Ranar zuwan Madam tac ce in yi taliyar nan babban kwano, ita za ta tarbo tsohuwa.

"Da mi za a haɗa, Madam?"

"Ita kaɗai."

"Ba za a yanka komi ba?"

"Babu nama, na gaya maka."

Ku duba mini hwa. Suruka, ta keto duniya, a aje mata ganye mai sanyi! A garin ga ko makiyayi yab biyo da garke yak kwana ƙohwar gidanka, ka kama masa zakara. Nil leƙa bakin titi wurin wani mai tsire ɗan Tondikandiya, nib ba shi labari. Yas saki wuƙa.

"Yarinyar ga ba ta da uwa ne? Sakin ta za a yi!"

"Ta ce ba su ci."

"Su ba su ci, baƙuwa hwa? Ungo, kyauta. Hidda ta kunya, ka gani in ba ta ƙara maka a kan buhun nan ba."

Maganar ƙarin nan ita tas shige ni. Ya zaɓo mini mai kitse, niz zare daga tsinke, nic cuɗe shi da taliyar ko'ina, yajin ƙuli yab bi koren nan yak koma ja. Raina hwari tas, ina jin yau na yi abin kirki.

Da azahar sunka zauna tebur. Tsohuwa tab buɗe kwano, tas shaƙa, tat toshe hanci da mayahi, tam miƙe. Ashe ita ce tushen abin, tun tana budurwa nama bai shiga bakinta ba, ita tah hore ɗanta a haka. Kuma babu wani abinci a gidan. Madam tab biyo ni ɗakin girki huska jajur.

"Wa yac ce ka sa?"

"Madam, baƙuwa ce. Da ganye za mu tarbe ta?"

"Hita mini daga gida!"

Na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa ma kowa ba in ba babana. Na ce in tsince naman, in wanke, in sake daka wani yanzu-yanzu. Na ce mata gona, na ce mata ɗiya, Hwaransancina yaƙ ƙare nik koma Hausa. Kuka take, ina kuka, ba mai jin wani. Har gobe ban ce na yi laihi ba, mutunci nin nema mata. Amma abin da sunka miƙo mini, Mama mai gida tad ɗauki nata, saura yat tsaya a kuɗɗin mota.

Tun daga Baleyara nike ganin ƙasa jiƙe, mutane duƙe cikin gonaki suna shuka. Na so motar nan ta lalace kada ta iso. Yara sunka riga ni gida da gudu suna ihun na komo. Kahin in gama gaisawa da tsohhi a ƙohwar masallaci, kakarku ta gama girki. Tak kawo akushi, tad durƙusa, tab buɗe: kwaɗon tahwasa ne, ga nama a bisa.

"Ina kin samo nama?"

"Jar kazar nan ce. Na so in kai ta kasuwa in musanya da tiyar iri, sai nij ji ka iso."

"Don mi kika yanka ta?"

"Haba Malam, daga tahiya kake. Da ganye zan tarbe ka?"

Sai tad dubi ɗan ƙunshin kayana da ke jingine ga danga, tad dubi bayana ko akwai mai ɗauko buhu. Ba kowa. Tat tura mini akushin gabana, tac ce in ci tun da zahi.